Malam Luka Ya Ja Wuta Zuwa Lambu

Tun da Malam Luka ya dawo daga asibiti aka mayar da shi ɗanyen ƙwai a cikin gidansa. Wata safiyar Lahadi ce ɓarin jikinsa na hagu ya so ya shanye, yana tsaka da neman takalmin zuwa coci. Allah ya taƙaita abin, ya tashi da ƙafafunsa, bakin ma ya koma daidai, har wasu na cewa ya fi da surutu. Hannun hagu ne kawai ya dawo da sabon hali. In ya kama abu ya kama ke nan, sai lokacin da ya ga dama yake saki.

Shi a ganinsa wannan ba wani abu ba ne. Amma a wurin matarsa Esther, wadda duk Gyadi-Gyadi ke kira Maman Joy, da 'yarsu Joy mai aikin jinya a Jos, mutumin nan ya gama abin da ya kawo shi duniya, saura zaman kujera da shan kunu ba sukari. Ya ɗauki bokiti a ce ajiye. Ya sunkuya a ce me kake nema. Ranar da ya kai wa sauro tafi sai da aka tambaye shi ko jiri yake ji.

Sai kuma Joy ta bugo waya da babbar magana. Ta ce in Ista ta zo za ta taho da mota ta ɗauke shi ya koma wurinta a Jos, inda akwai sanyi da likitoci, har an share masa ɗaki. Malam Luka fa ya zo Kano daga Zonkwa tun yana saurayi da akwatin ƙarfe ɗaya, a nan ya yi aiki, a nan ya yi aure, a nan ya gina gidan nan bulo bayan bulo. Yanzu a ce a kwashe shi a kai gidan suruki, a zura masa rigar sanyi, a ajiye shi a baranda yana kallon masu wucewa? Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Abin da ya fi ciwo kuma, Maman Joy na zaune tana jin wayar, tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba. Ya san matarsa ba ta rasa abin cewa ko a gidan makoki, don haka ya ɗauki shirun nan a kan ta yarda.

To, a bayan gidan akwai ɗan fili da ya mayar lambu, alayyafo da yakuwa da gwanda biyu da ba su taɓa yin abin kirki ba. A kusurwa akwai wani ɗan ɗaki na langa-langa inda yake ajiye fartanya da buhun taki da tarkacensa. Nan idonsa ya faɗa. Ya ƙudura zai ja wuta daga kicin zuwa ɗakin nan da hannunsa, ƙwan fitila ɗaya da soket ɗaya, kafin Ista. In Joy ta iso zai kai ta can ya danna makunni, sannan ya ji bakin da zai ce wanda ya yi wannan aikin baranda ce ta dace da shi.

Ina ya koyi aikin wuta? Kada ma ka tambaya a gabansa. Kafin ya yi ritaya shi ne mai riƙe da makullin sito a wata ma'aikatar gwamnati, kuma a siton nan akwai wayar wuta naɗi-naɗi. Ya ɗaga ta, ya ajiye ta, ya kore mata ɓeraye shekara da shekaru. A lissafinsa duk wanda ya zauna da waya haka ya san halinta.

"Baban Joy, a kira Rabi'u mai gyaran wuta na Unguwa Uku mana," in ji Maman Joy. "Kai ka zauna ka nuna masa inda kake so."

"Zama dai, zama dai. Ke ba ki da wata kalma sai zama?"

"To in ka ce sai ka yi, a kashe wutar gidan daga mita tukuna."

Ya dube ta da tausayi irin na masu ilimi. "A kashe me? Masu wuta sun riga sun kashe mana, kyauta, ba mu roƙe su ba. In an ɗauke sai in yi aikina. In an kawo kuma ai unguwa za ta faɗa mini. Yara za su yi ihu, injin mai walda na bakin layi zai tashi, sai in janye hannuna. In muka kashe daga mita aka kawo wuta ta zo ta tafi ba mu sha ba, wa gari ya waya?"

Kuma gaskiyarsa, ba shi ya ƙirƙiro wannan dabara ba. Wayoyi da yawa a Tarauni haka aka ja su, mutum na kan tsani kunnensa na kan titi. Maman Joy ba ta yi musu ba. Ta dai dubi hannunsa na hagu, wanda har lokacin yake riƙe da cokalin shayin da aka gama sha tun ɗazu, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari aka tashi babu wuta. Malam Luka ya ce madalla. Ya hau adaidaita ya je kasuwar Tarauni ya sayo waya da bututun roba da salatif, ya dawo yana tafiya irin ta ɗan kwangila. Mai hankali zai fara daga ɗakin lambu, ya gama komai, sai a ƙarshe ya haɗa da wutar gida. Shi daga kicin ya fara. Ya kwance soket ɗin bayan firiza ya ɗaura sabuwar wayarsa a can, wai tun da daga nan wuta ke fitowa sai a bi ta yadda take tafiya. Ke nan duk inda ya taɓa a jikin wayar nan daga ranar, rayuwarsa na hannun masu wuta da mai walda.

Aikin da saurayi zai gama kafin azahar, shi sai ya zama masa sana'a. Ya haƙa ɗan siririn rami daga bangon kicin ya ratsa ta cikin alayyafo, yana haƙawa yana hutawa, yana zagin ƙasar da ta yi tauri kamar da gayya. Ya zura waya a bututu ta maƙale, ya zaro ya sake. Wata rana hannun hagu ya kama filaya ya ƙi saki, haka ya zo ya ci tuwo da dama, filaya na hagu, Maman Joy na zuba masa miya ba ta ko kalli wajen ba. Amma wallahi mutumin nan ya canza. Yana tashi da sassafe, yana cin abinci har da neman ƙari, har an ji shi yana rera waƙar coci a cikin rami da muryar da ta sa aka cire shi daga ƙungiyar mawaƙa tun da daɗewa.

Wuta kuwa shiru. Kwana ya bi kwana ba ta ko ƙyafta ba. Da farko har yabon masu wuta ya yi, abin da bai taɓa yi ba tun da ya zo Kano, ya ce a karon farko sun yi wa talaka abin da yake so. Sai dai wasu abubuwa suka fara damunsa. Yana cikin rami ya ji injin mai walda ya tashi, ya yi wurgi da waya ya ja da baya.

"An kawo ne?" ya tambaya.

"Janareto ya saya," in ji Maman Joy daga kicin.

Da yamma ya hango ƙwai na ci a ƙofar maƙwabcinsu Malam Shehu mai shagon kayan masarufi. Maman Joy ta ce sola suka sa. Mai aski na tsallake fa, da kiɗa ke tashi a shagonsa? Shi ma sola.

"Wato duk layin nan kowa ya yi arziki sai mu?"

"Sai mu, Baban Joy."

Ga shi bazara ce, irin zafin Kano da ko inuwa ba ta da amfani. Fanka ta zama ado a rufi. Maman Joy ta kwashe kayan firiza ta kai wa Hajiya Hadiza matar Malam Shehu ajiya. Ƙullin nama ɗaya ne kawai da ta sayo a Sabon Gari wanda ba ya shiga firizar Hajiya, kowa ya san dalili, shi suka zauna suka ci safe da rana da yamma har Malam Luka ya ce ya yafe. Ƙurajen zafi suka feso wa Maman Joy a wuya da baya. Ta fito da tsohon dutsen guga na gawayi, ta koma yawo da mafici duk inda za ta. Mace mai ƙorafi in an ɗauke wuta na ɗan lokaci, wannan karon ko tsaki ba ta yi ba, kuma shi gogan naka bai ga abin mamaki a ciki ba.

Da aiki ya kusa ƙarewa, saura haɗa soket da makunni, sai Malam Luka ya tuna cewa ƙwai ba ya kamawa da addu'a. Ista ta matso. In babu wuta me zai danna wa Joy? Nan take yabon ya koma zagi. Ya sa riga ya ɗauki wayarsa da cajinta ya mutu, ya nufi gidan Malam Shehu don ya sa caji a solar nan, ya kuma ja shi su je ofishin masu wuta su yi musu tas.

Malam Shehu dattijo ne da ƙarya ba ta zama a bakinsa, in ya gwada sai gumi ya karyo masa. Ya karɓi baƙonsa a falo, fanka na juyawa a sama kamar ba a duniyar nan ake zafi ba. Malam Luka ya baje a kujera ya lumshe ido.

"Kai, Malam Shehu, ka huta. Ashe sola haka take da ƙarfi? Ban ga farantanta a kan rufinka ba."

"Suna ta baya," in ji Malam Shehu yana kallon ƙasa.

"Batir nawa ka sa?"

"E to, akwai dai batir." Ya jawo carbi ya fara ja da sauri.

"Wa ya haɗa maka? Don ni ma in na gama wannan aikin ina ganin zan iya."

Malam Shehu ya buɗe baki yana neman sunan da zai kama, sai Allah ya kawo masa ƙarshen wahala. Fanka ta yi wani ɗan ƙara ta fara rage gudu. Injin mai walda ya mutu a tsakiyar kuka, kiɗan mai aski ya yanke, layin gaba ɗaya ya ja tsaki lokaci guda. Malam Luka ya ɗaga kai yana kallon fankar har ta tsaya cak.

"Malam Shehu," ya ce a hankali, "ita ma solar ɗauke ta ake yi?"

Dattijon ya ajiye carbi ya share goshi. "Ni dai an ce in ce sola. Na faɗa wa Hajiya ba zan iya ba, ta ce ai na kwana biyu ne. Malam Luka, ka yi haƙuri. Wuta kam ana kawowa, kwanakin nan ma har an fi da."

Bai tsaya ɗaukar wayarsa ba. Ya shiga gida kai tsaye ya nufi bangon baranda inda mita take can sama. Sai yanzu ya lura da kalandar coci da aka rataye a gefenta, wurin da ba a taɓa rataye komai ba. Ya sa sanda ya ɗaga ta. Gurbin fis, ɗan farin abin nan na tangaran da in an zare shi wuta ba ta shiga gida, wayam yake.

Ya same ta a tsakar gida tana goge rigar mawaƙa da dutsen gawayi, zufa na ɗiga daga haɓarta.

"Maman Joy, ina fis ɗin gidan nan?"

Ba ta ɗago ba. "An ɗauke kana gidan Malam Shehu ke nan."

"An ɗauke."

"Na faɗa wa Hajiya mijinta ba zai iya ba." Ta miƙa hannu ta jawo jakarta ta zuwa coci, ta zaro fis daga tsakanin Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, inda ta tabbata ba zai taɓa leƙawa ba, ta ajiye a kan tabarma.

Ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai yi ba ko ranar da Joy ta yi maganar Jos. "Kin mayar da ni abin dariya a layin nan. Mai walda ya sani, mai aski ya sani. Yara ma da ban ji ihunsu ba?"

"Cincin na ba su."

"Cincin. Ina cikin rami ina zufa ina jin kaina mutum, ashe wasan yara aka ba ni in yi, ana leƙena ta katanga. Da kin fito kin ce mini na zama bawan Allah, a kai ni Jos, da ya fi mini wannan."

Sai a lokacin ta ajiye dutsen guga. Ta naɗe hannun rigarta ta miƙo masa wuyan hannunta. Shatin yatsu ne a jiki, ya yi baƙi, gefensa ya fara komawa ruwan ɗorawa.

"Ka san wannan? Ranar Lahadi a matakalar coci ka yi tuntuɓe ka kama ni. Har aka gama waƙar farko ba ka sake ni ba. Kana ta ce mini yi haƙuri, hannun bai ji ba. Ni mutum ce, na tsaya na jira. Waya ba za ta jira ka ba, Baban Joy. Ko duk yaran Tarauni sun taru sun yi ihu, kunnenka ne zai ji, hannun nan ba ruwansa."

Ya dubi shatin, ya dubi hannunsa. Bai san ya yi mata haka ba, kuma kunya ta kama shi.

"Joy ta ce in kwashe filaya da sukudireba in ɓoye, in sa wa ɗakin lambu kwaɗo," ta ci gaba. "Na duba na ga abu biyu ne a gabana, ko in ƙwace maka aikin, ko in ƙwace wa gidan wuta. Na ɗauki wanda zan iya jurewa. Ramin nan kai ka haƙa, wayar nan kai ka zura, ban taɓa maka ko ƙusa ba. Wane wasan yara?"

"Ranar da ta yi maganar Jos ba ki ce komai ba."

"Don ban san abin da zan ce ba. Ina ganinka a kujera kullum kamar an yi maka rasuwa, tsoro ya kama ni, na ce ko can ɗin ya fi."

Shi mutum ne da bai iya ba da haƙuri ba, in ya zo bakinsa sai ya koma tari. Ya sunkuya, ba wanda ya ce masa me kake nema, ya ɗauki fis ɗin ya juya shi a hannu, sannan ya miƙa mata.

"Riƙe. Ban gama ba, saura soket."

Ta bi shi lambu ta tsaya a ƙofar ɗakin langa-langa da fis a hannu ɗaya, mafici a ɗayan, tana yi masa fifita tana faɗa masa ya karkace makunni. Ya ce ba a karkace yake ba, bangon ne a karkace. Da la'asar ta yi ya naɗe salatif na ƙarshe ya ɗaura ƙwai, suka dawo baranda. Ya kalli tsayin mita, ya kalli kujerar katako, ya yi ɗan tari.

"Ke za ki hau. Ni zan riƙe miki kujera."

"Kada ka sake ni fa."

"Da hagu zan riƙe. Ko ƙahon tashin duniya aka busa ba zai saki ba."

Ta hau ta mayar da fis, tun da yanzu kam da gaske babu wuta, ta sauko lafiya. Hannun kuwa ya cika alkawari har ya wuce, ya ƙi sakin kujerar, dole ya ja ta har ɗakin lambu. A kanta Maman Joy ta zauna, shi yana tsaye a gefe a ɗan sunkuye, suna jira. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Ba wanda ya ce a fita.

Ana gab da kiran magariba injin mai walda ya tashi. Yaran layi, da cincin ya ƙare musu, suka saki ihun da suka daɗe suna riƙewa. Malam Luka ya miƙa yatsa ya danna makunni. Ƙwai ya kama. Ya haska fartanya da buhun taki da yanar gizo-gizon da ba wanda ya san da ita, kuma a idonsa ko fitilun gidan gwamnati ba su kai shi kyau ba.

Maman Joy ta kira Joy ta bidiyo ta juya mata wayar. Joy ta ƙura ido daga Jos, ta gane ɗakin, fuskarta ta canza.

"Mama, wa ya ja wuta nan? Kar ki ce mini kin bar Baba ya taɓa waya."

Malam Luka ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon. "Ni na ja waya. Mamanki ta riƙe wutar har na gama."

"Baba, ai wannan ne abin da nake faɗa. Shi ya sa nake so in na zo..."

Maman Joy ta juyo da wayar wajenta. "Ki zo ki ci Ista ki koma wurin mijinki. Ɗakin da kika share ki zuba dankali. Babanki ba shi da lokacin tafiya, banɗakin waje ma yana son fitila, ga ƙofar gida duhu." Joy ta fara wata magana, uwar ta ce caji zai ƙare, ta kashe.

Malam Luka ya juya baya yana duba soket ɗin da babu abin da ya same shi, don kada ta ga idonsa. Ita kuma ta miƙe tana gyara ɗaurin zani, hankalinta ya riga ya tafi wurin fanka.

"Gobe in za ka fara na banɗakin," ta ce daga bakin ƙofa, "ka faɗa mini in hau kujera."

"Zan faɗa miki," in ji shi.